Daga Satiru zuwa Ningi: me ya sa boren talakawa ba ya haifar da mulkin talakawa?

Duk manomin Allakaye da ke gundumar Bouza ya san cewa rumbu ba ya jira. Wannan ce matsalar farko ta kowane boren manoma a tarihi: sarki na da dakarun da yake ciyarwa shekara sukutum, manomi kuwa da zarar ruwa ya sauka dole ya koma gona, in ba haka ba iyalinsa su kwana da yunwa.

A Ingila, a 1381, manoman da haraji ya isa sun shiga birnin Landan har sarki Richard na biyu ya yi musu alƙawura. Da aka kashe jagoransu Wat Tyler sai suka watse, aka soke alƙawuran.

Satiru da ke kusa da Sakkwato ta fi wannan muni. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudu, riƙe da gatura da fartanya, suka fatattaki sojan Ingila, suka kashe Turawa 3. Cikin jagororinsu akwai Malam Shu'aibu Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga yankin Dosso bayan Faransawa sun murƙushe boren Kobkitanda. Wata guda bai cika ba aka rusa garin, da goyon bayan fadar Sakkwato, aka kashe mutum kusan 2,000. Jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba. Sun rasa mafaka ne, da bindiga, da babban da zai tsaya musu.

Ningi ta samu mafakar. Malam Hamza da mutanensa sun bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 bayan rigimar haraji, suka shige duwatsu, suka haɗa kai da mazauna wurin. Daularsu ta gagari Kano da Bauchi har zuwan Turawa. Sai dai magadansa su ma sun koma kai hari da kamun bayi. Haka a Sin: ɗan manoma Zhu Yuanzhang ya kafa daular Ming a 1368, ta shekara 276, manomi na ci gaba da biyan haraji.

Ke nan bore na iya cin nasara, har gwamnati ta ɗore. Amma riƙe ƙasa na buƙatar marubuta da baitulmali da dakaru, waɗanda duk daga rumbun manomi za su ci. Matasan da ke kiran juyin juya hali a Facebook daga Yamai ko Abidjan, kamata ya yi a tambaye su wa zai karɓi haraji washegari, wa kuma zai iya tsige shi.