Kurma ma ɗa ne, a ba shi wuri a aji

Wata rana bayan mun tashi karatu, wata mata daga cikin ɗalibaina ta tsaya. Ta ce: "Malam, ina da magana." Ɗanta shekara bakwai gare shi. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami. Allah ya tashe shi, amma kunne ya tafi. Ta kai shi lakwal a rubuta shi, anka ce mata: "Koma da shi gida, ba mu da abin da za mu yi da kurma." Ta tambaye ni: "Malam, haka doka ta ce?"

Na ce mata a'a. Amsar da na ba ta ita ce zan ba ku.

Ƴan uwa, irin yaran nan suna da yawa cikin garuruwanmu, daga Urno har Madawa, Buza da Keita. Manya ba su manta da sanƙarau na 1995 ba. Ciwon nan yakan bar kurumta. Ƙyanda takan ci ido. Shan inna yakan kama ƙafa. Ciwo ne ya kawo, yaro bai yi laifin komi ba.

To mi doka ta ce? A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya kan haƙƙin yara. Nijar ta amince da ita a 1990. Cikinta an ce kowane yaro yana da haƙƙin ilimi, har da naƙasasshe. A 1993 gwamnati ta yi dokar kare naƙasassu. A 1998 anka yi babbar dokar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya ta naƙasassu. A 2019 kuma anka ƙara wata doka a kansu.

Kun ga doka akwai ta. Sai dai doka ba ta da ƙafa. Tana kwance cikin takarda a Yamai. Sai an samu mai karanta ta, ya ɗauko ta, ya tsaya wa yaro.

Ga misali daga nesa. A Amurka, ƙasar da muke jin labarin arzikinta, da can makarantun gwamnati suna korar yara masu taɓuwar ƙwaƙwalwa. Iyayen yaran wata jaha mai suna Fensilbeniya sunka haɗa kai. Sunka samu wani lauya, Tomas Gilhul, wanda shi ma yake da ɗan'uwa mai irin lalurar. A 1971 ya kai ƙarar jahar gaban alƙali. A 1972 kotu ta tabbatar cewa dole a karɓi yaran a makaranta, kyauta. A 1975 majalisar ƙasar ta yi doka ga Amurka duka. Abin ya faro daga iyaye da sunka ƙi yin shiru, da masanin doka guda da ya tsaya musu.

Mu nan ba mu da lauya a ƙauye. Amma muna da ku. Wanda ya iya karanta takardar ga, ya iya rubuta sunanshi, zai iya tsaya wa yaro ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce: "Malam, mushe guda da yara cike da aji, ina ya ga lokacin kurma?" Gaskiya ne, aikin da wuya, kuma malamai da yawa ba a koya musu maganar hannu ba. Amma wuyar aiki ba ta sa a rufe wa yaro ƙofa. A zaunar da shi gaba. Malam ya dube shi in yana magana. A rubuta mishi a allo. Idonshi lafiya lau, hannunshi lafiya lau. Gurgu kuwa ba abin da ya hana shi karatu sai nisan hanya, amalanken maƙwabci ya isa.

Wasu kuma za su ce: "Makaho ai bara ce sana'arshi." Wa ya ce? Wani Bafaranshe, Luwi Birayi, ya makance yana ɗan shekara 3. Yana da shekara 15 ya ƙago rubutun ɗigo da ake karantawa da yatsa. Yau makafin duniya da shi suke karatu. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman. Akwai makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Mu tuna, uwa da uba ba su dawwama. Ranar da ba mu, mi za mu bar wa yaron? Ƙoƙon bara ko ilimi?

Ga abin da nake roƙon mu yi:

Na ɗaya, a yi wa yaron takardar haihuwa kamar sauran ƴan uwanshi.

Na biyu, in kunne yana ruwa ko ido yana ciwo, a kai shi likita da wuri.

Na uku, ranar rubuta yara a tafi da shi. Kada a ɓoye shi cikin ɗaki don kunya.

Na huɗu, in an ƙi karɓa, kada a yi faɗa. A ga kwamitin iyayen yara da maigari. In abin bai gyaru ba, a rubuta takarda zuwa ga sufeton makarantu. A sa sunan yaro, shekarunshi, da ranar da anka maido shi. Magana iska ce, rubutu shi ka zama.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar nan ba ta koma ita kaɗai ba. Mata huɗu na ajinmu sunka raka ta, da takarda da ta rubuta da hannunta. Rubutun a karkace yake, amma an karanta shi. Yanzu yaron yana zaune a layin gaba. Ran nan ya rubuta sunan uwarshi a ƙasa da tsinke, ita kuma ta karanta.

Kowa ya duba cikin unguwarsu. Wane yaro ne ke zaune ƙofar gida sa'ad da sauran ke tafiya lakwal? In mun haɗu a karatu na gaba, ku zo mini da sunanshi.