Kafin a miƙa wa na'ura makullin ofis, wa ya karanta takardar bayanin?

Makon da ya wuce an tara mu taron bita a kan ƙirƙirarriyar basira. Mai gabatarwa, wani matashi da ya iya bakinsa, ya nuna mana abin da ake yayi yanzu: manhajar da ta wuce amsa tambaya, aikenta za ka yi ta je ta yi aikin da kanta. Ta buɗe rajista, ta nemo fayil, ta tura saƙo, har kuɗi ta biya. Ni ɗan aike nake ce mata. Zaure ya kaure da tafi. Da aka zo tambayoyi na ce, shi ɗan aiken nan ta yaya yake sanin amfanin kowane kayan aiki da aka haɗa shi da shi? Ya ce ai akwai bayani a rubuce. Na ce to wa ya duba ingancin bayanin? Sai aka ce lokacin shan shayi ya yi.

Jama'a, ba ƙure nake son yi masa ba. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari da ake kira MCP, na haɗa irin waɗannan manhajoji da kayan aiki, kuma cikin 2025 OpenAI da Google suka rungume shi. A tsarin nan kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da 'yan layuka masu bayyana aikinsa, da jerin abubuwan da za a cika masa. Abin da ɗan aiken yake karantawa ke nan ya yanke shawarar wanda zai ɗauka da abin da zai zuba a ciki.

Duk wanda ya taɓa karɓar tebur a aikin gwamnati ya san inda na dosa. Lokacin da aka yi mini canjin sashe karo na farko, takardar miƙa aikin da na tarar rabin shafi ce, wai duk fayiloli suna cikin kabad. Wallahi wani dattijon masinja ne ya cece ni, Baba muke ce masa. Shi ya gaya mini rajista biyu ce mai suna ɗaya, ɗaya an daina aiki da ita tuntuni, kuma in na rubuta a cikinta babu wanda zai gani. To ɗan aiken kwamfuta ba shi da Baba. In bayani ya yi gajere zai cike gurbin da zato, cikin sauri, kuma sau da yawa ba zai nuna maka yana shakka ba.

Ga misali na kusa. Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet irin su Paystack da kobo suke karɓar adadi daga manhaja, kamar yadda Stripe ke karɓar dala da santi. Su sun rubuta haka a fili. Amma a ce wanda ya haɗa mana kayan aikin ya rubuta “adadin kuɗi” kawai ya wuce. Ɗan aike ya tura 5000 da nufin naira dubu biyar, abin da aka caja naira hamsin. Na'ura za ta ce aiki ya kammala lafiya. Sai ƙarshen wata masu binciken kuɗi su zo, kuma ba na'ura za a ba takardar tuhuma ba.

Wani zai ce to a rubuta bayanin da kyau mana, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter. Takardar ƙa'idar aikin ta ce a yi lissafi da ma'aunin mita, amma wata manhaja ta kamfanin Lockheed Martin tana fitar da alƙalumanta da ma'aunin fam, bambancin ya kai ninki huɗu da rabi. Takarda ta faɗi daidai, manhajar ce ba ta bi ta ba, kuma ba a gwada an kama ba.

Shi ya sa ni ba na auna bayani da yawan shafi ko daɗin Turanci. A ɗauko ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya, a ba shi takardar kaɗai, a hana shi tambayar kowa, a ce ya yi ayyuka ashirin na gaske. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, to nan ne ramin. Sannan a maimaita da ɗan aiken kansa, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan aikin da ba shi ba, a kuma duba ko abin da ya faru ya yi daidai da abin da aka rubuta. Abin da na fi son gani a takardar shi ne inda aka ce kada a yi amfani da wannan a yanayi kaza, da kuma ko aikin yana warwaruwa. Goge fayil da ɓoye fayil ba ɗaya ba ne, amma na sha ganin maɓallin da aka rubuta wa “cire” kawai.

Akwai kuma batun tsaro. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya cusa umarni a ɓoye cikin bayanin kayan aiki, mai amfani bai gani ba, ɗan aiken ya karanta ya bi. Wato dole wani namu ya karanta cikakken rubutun da na'urar take gani, ba taƙaitaccen da ake haska mana a allo ba.

Ba adawa nake da fasahar ba, ni ma na gaji da neman fayil a ƙarƙashin ƙura. Amma ranar da fayil ɗin sayen ya biyo ta teburina, abin da zan rubuta a kai shi ne a haɗo cikakken bayanin kowane kayan aiki, da sakamakon gwaji, da sunan jami'in da ya karanta ya sa hannu. 'Yan uwa na sashen kwamfuta, in a ofishinku an taɓa yin irin wannan gwajin, don Allah ku gaya mini yadda kuka yi.