Filin Na'ura: Wane Akwati Za a Ajiye a Zauren Intanet na Gida?

A wannan wata za mu amsa wasiƙar wani Alhaji daga Aboabo ta Kumasi, wanda ya ce kada a ambaci sunansa. Gidansa gidan yawa ne: iyalinsa, 'yan haya ɗaki shida, da shagon tura kuɗi ta waya a bakin ƙofa. Dukkansu suna shan intanet daga akwati ɗaya wanda kamfani ya ba shi. Yanzu ya sa kyamarori huɗu na tsaro, kuma ɗansa da ke karatu ya ce masa a sayi "katangar tsaro". Alhaji yana tambaya: mece ce ita, kuma wane ƙarfe zai saya kada a cuce shi?

To Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bari mu fara da zaure. A gidan Bahaushe baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Yana tsayawa a zaure, ya yi sallama, a tambayi wane ne. Akwatin da ake kira rauta shi ne zauren intanet na gidanka: duk abin da zai shiga ko ya fita ta nan yake bi, shi ke raba wa kowace waya da kwamfuta hanyarta. Katangar tsaro kuwa ita ce mai gadin da ke zaune a zauren, mai cewa wannan ya wuce, wancan ya koma. A gidaje yawanci akwati ɗaya ne ke yin aikin biyu, har da na uku, wato watsa Wi-Fi.

Akwatin da kamfani ya ba ka yana da mai gadi a ciki. Matsalar ita ce sau da yawa mai gadin ya tsufa, ba a ƙara koya masa sababbin dabarun ɓarayi. Manhajar da ke cikin rauta tana bukatar gyara lokaci-lokaci, kuma masu ƙera masu araha kan daina aiko da gyaran bayan 'yan shekaru. Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rauta a duniya, ba da wata babbar dabara ba, sai don masu su ba su canja kalmar sirrin da aka sayo su da ita ba. Da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar. A 2018 kuma aka gano wata mai suna VPNFilter a cikin rauta kimanin 500,000 a ƙasashe 54. Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce: shin wannan akwati har yanzu ana aiko masa da gyara?

Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, ka sayi rauta ta gida wadda za a iya sa mata OpenWrt. Wannan manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2004, masu sa kai ne ke kula da ita, kuma suna ci gaba da gyara akwatunan da kamfanoninsu suka manta da su. Amma a duba cikin akwatin. Masu OpenWrt da kansu suna gargaɗi a guji mai ma'ajiya megabait 4 da ƙwaƙwalwa megabait 32; a nemi aƙalla 16 da 128. A duba lambar samfurin da ke manne a ƙasan akwati kafin a biya, domin akwati biyu na iya zama suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma kayan cikinsu daban.

Ta biyu, akwatunan MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996. Duk wanda ya taɓa riƙe shagon intanet a Nima ko Adum ya san su. Ƙaraminsu da ake kira hEX yana da ƙofar waya biyar, ba ya cin wuta, kuma kamfanin yana daɗewa yana aiko da gyara. Aibinsa ɗaya: saita shi sai wanda ya iya. Idan yaron da ya saita maka ya tafi Turai, ka shiga uku, sai dai in ya rubuta maka komai a takarda.

Ta uku ita ce wadda samari masu son kwamfuta suka fi ɗoki, kuma ina zaton ita ɗanka yake nufi. A sami ƙaramar kwamfuta a sa mata pfSense ko OPNsense, ta zama mai gadi kawai, ba ta wani aiki. OPNsense ta ɓalle ne daga pfSense a 2015, wani kamfanin ƙasar Holan ke riƙe da ita, kuma duka biyu a kan FreeBSD aka gina su. Wannan yana da muhimmanci wajen saye, domin FreeBSD ta fi jituwa da ƙofofin waya ƙirar Intel. Na Realtek sun sha ba mutane ciwon kai. Dole kwamfutar ta kasance da ƙofa biyu aƙalla, ɗaya ta waje ɗaya ta cikin gida. Shi ya sa Raspberry Pi mai ƙofa ɗaya ba ta burge ni a wannan aiki. Akwai ƙananan akwatuna masu injin Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023, da ƙofa huɗu, babu fanka. Ƙwaƙwalwa gigabait 8 ta ishe su har ta yi yawa.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, domin littattafan Turawa ba sa faɗinsa. Za ka ji wani ya ce, ai akwai tsohuwar kwamfutar tebur a ɗaki, a sa mata ƙofa ta biyu, shi ke nan kyauta. Mu yi lissafi. Tsohuwar kwamfuta mai cin wat 60, dare da rana har kwana 30, ta cinye yunit 43 na wuta. Ƙaramin akwati mai cin wat 10 ya ci yunit 7. Mai mitar kati ya san bambancin. Sannan ga ɗauke wuta. Mu da muka sha dumsor daga 2012 zuwa 2016 ba sai an yi mana bayani ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin na cikin ƙaramin UPS, yana ɗauke da wat 84 na awa ɗaya a lissafi. Zai riƙe ƙaramin akwati wajen awa shida, tsohuwar kwamfuta kuwa da ƙyar ta kai awa guda. Don haka ka zaɓi akwatin da ke shan wuta bolt 12, domin ana iya haɗa shi da batir ko sola. Shagon tura kuɗi da intanet ɗinsa ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ciniki ne yake tafiya shagon maƙwabci.

Ga kuma ƙurar hunturu. Fanka tana zuƙo ƙura, ƙura ta toshe, na'ura ta yi zafi ta mutu. Akwatin da ba shi da fanka, jikinsa ƙarfe mai gaɓa-gaɓa, shi ne namu. Amma a rataye shi inda iska ke ratsawa, kada uwargida ta lulluɓe shi da kyalle don ado.

Ni kaina na yi asara wata damina. Na ja waya ta sama daga ɗakina zuwa wani gini a tsakar gida, tsawa ta faɗi kusa, da safe rauta da ƙofar kwamfutata duk sun ƙone. Ta wayar intanet ta shigo, ba ta soket ba. Wanda zai haɗa gini biyu ya sa makarin tsawa a kan wayar, ko ya yi amfani da zaren gilashi, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa.

Batun Wi-Fi kuwa gajere ne. Kada ka ruɗu da yawan ƙahonni a kan akwati. Bangon siminti yana kashe sigina, musamman ta gigahaz 5 mai sauri, ta 2.4 ta fi ratsa bango amma ta fi cunkoso. A gida mai faɗi gara a ja waya, wadda ke iya kai mita 100, a sa ƙananan masu watsa sigina biyu ko uku a kusurwoyi.

To Alhaji, ga shawarata a gidanka. Kada ka jefar da akwatin kamfani, domin ta nan layi ke shigowa. Ka sa naka a bayansa, ka roƙi kamfanin ya mai da nasa gada kawai in zai yiwu. Abin da ya fi muhimmanci a naka shi ne ya iya raba gida kashi-kashi, abin da masana ke kira VLAN: hanyar shago daban, ta iyali daban, ta 'yan haya daban, kyamarori kuma a killace su kada su ga kowa. Yadda kake a yau, wayar ɗan haya da ta kamu da cuta tana zaune tabarma ɗaya da kwamfutar da ke riƙe da lissafin kuɗin mutane. Dukkan hanyoyin nan uku suna iya wannan rabo. Idan ɗanka zai zauna ya kula da shi, a sayi ƙaramin akwatin Intel a sa OPNsense. Idan karatu zai ɗauke shi daga gida, hEX da masu watsa sigina biyu sun wadatar, kuma ka ware ƙofa ɗaya domin layi na biyu mai katin waya, wanda shago zai koma kansa idan na farko ya yanke. Ranar da aka kawo shi, kafin a sha shayi, a canja kalmar sirrin da ya zo da ita, a rubuta sabuwar a takarda, ka ajiye ta tare da takardun gida.