Daga Lokeshin: A Duba Agogon Kyamara Kafin A Fara Shutin

Kun taɓa ganin fim, a sin ɗaya rana na faɗuwa, a na gaba kuma hantsi ya dawo? Ba kullum ne laifin darakta ba. Wani sa'in agogon kyamara ne ya rikita edita.

A ce an tafi shutin ƙauyukan Bici, kan hanyar Kano zuwa Katsina, kwana 5 cikin gonaki da kyamara biyu. Duk abin da aka ɗauka, kyamara na buga masa rana da lokaci a memori. Agogon nan kuwa wani ɗan batir ne a ciki ke riƙe shi. In ya mutu, agogo ya koma farko. Wasu na'urorin ma sai ka ga 1980, domin tsarin memori na FAT32 daga shekarar yake fara lissafi. Kuma ba ya rubuta lokacin wace ƙasa ce: kyamarar da aka saita a Dubai ta riga mu da awa 3.

Sai an dawo Kano, edita ya jera fayil bisa lokaci, ya tarar komai ya cakuɗe. Kwanaki su tafi, furodusa na ta biya.

Maganin ba tsada. Kowace safiya a saita duk kyamarorin da agogon waya ɗaya, a yi gwaji, a duba ranar da ta fito. Kowane sin kuma a fara da ɗaukar allo mai lambarsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.