Kalmar «tsutsa» ta yi wa halittun ruwa kaɗan

Duk wanda ya taɓa fassara darasin ilimin halittu daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda ake tuntuɓe. Da an ga abu siriri yana motsi a tabkin Madarunfa ko na Tabalak sai a ce tsutsa. Ɗan sauro tsutsa, abin da ke haddasa tsargiya tsutsa, kurkunu ma tsutsa. A ganina wannan sakaci ne namu, mu ɗaliban harshe, domin Bahaushe bai rasa sunaye ba: yana da tana, yana da matsattsaku, yana da kurkunu.

Abin da muka rasa shi ne sunan rukuni, kuma ƙirar jiki ce ya kamata ta ba mu shi, kamar yadda ta bai wa masana. Tana da matsattsaku dangi ne, jikinsu zobe-zobe, sai dai matsattsaku yana da matsotsi a kai da wutsiya, kuma yawunsa na hana jini daskarewa. Mu kira su masu zobba. Kurkunu mulmulalle ne marar gaɓa, macen tana iya kusan kai mita ɗaya: rukunin mulmulallu ke nan. Mai jawo tsargiya kuwa ƴar rukunin masu faɗi ce, hanjinta da baki amma ba mafita. Ɗan sauro ba ya cikinsu sam, ƙwaro ne da bai yi fiffike ba. (Ita kanta «tana» matsala ce a rubuce, tunda ba mu nuna tsawon wasali ko karin sauti: mai karatu zai ɗauka «tana zuwa» ake shirin cewa.)

Wasu abokai sun fi son a ari «anelid» da «nematod» a huta. A ajin jami'a ban ƙi ba. Amma malamin lafiya da ke magana da mata a bakin tabki fa? Kurkunu ta ruwan sha yake shiga, cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, shi ya sa tace ruwa da ƙyalle ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Tsargiya kuwa daga katantanwa take fitowa ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Idan duka biyun «tsutsar ruwa» ce kawai, uwa za ta tace ruwan randa, ta bar ɗanta ya tafi iyo, hankalinta kwance, har ranar da ya fara fitsarin jini.