Martani ga masu sukar aikin riga-kafin shan inna a Sabon Layi

Duk lokacin da aka fito zagayen riga-kafin shan inna, sai maganganu su tashi a majalisun Sabon Layi da ke Mubi da teburan masu shayi, ana aibata matan da ke bin gida-gida da kuma ƙungiyar Rotary da ke tallafa wa aikin. Zarge-zargen tsofaffi ne, amma tunda har yau akwai magidantan da ke hana a shiga gidajensu saboda su, ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ana cewa Rotary ƙungiyar Turawa ce mai wata manufa a ɓoye. Gaskiya ne a birnin Chicago na Amurka aka kafa ta a 1905, kuma tun 1985 ta sa yaƙi da shan inna a gaba da shirinta na PolioPlus. Sai dai ba ita ke haɗa maganin ba. Hukumar NAFDAC ce ke tantance shi, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ke rarraba shi, mai ɗiga shi a bakin yaro kuwa 'yar unguwa ce da aka san gidansu. Abin da Rotary ke kawowa kuɗi ne da wayar da kai. Wanda bai gamsu da ƙungiyar ba yana da 'yancin kada ya shiga, amma wannan bai shafi lafiyar ɗansa ba.

Na biyu shi ne tsohon zancen nan cewa ɗigon yana hana haihuwa. Ba zan raina tsoron mutane ba, domin yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun riga mun gwada ƙaurace wa riga-kafin, mun ga inda ya kai mu. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. A Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da shi, da maganin da aka samo daga Indonesiya, ƙasar da a lokacin ta fi kowace yawan Musulmi. 'Yan matan da aka ɗiga wa a shekarun nan yanzu su ne ke goye da jarirai a layin awo. Alhazanmu ma Saudiyya ta sha ɗiga musu wannan magani a filin jirgi, sun dawo sun ci gaba da yin suna.

Zargi na uku ne ya fi nauyi, kuma shi na fi ji a bakin iyaye mata: me ya sa wannan kyauta ne har ƙofar ɗaki, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro sai an sayar da akuya? Tambayar tana kan hanya. Uwar da ta kwana da yaro jikinsa kamar garwashi, ta je asibiti aka rubuta mata takarda ta tafi kemis, dole ta ji haushi in aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da maganin cutar da ba ta gani ba. To amma wa ya kamata a tuhuma? Zuba magani a asibitin unguwa haƙƙi ne a kan ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha. A je wa kansila, a je wa ɗan majalisa, a yi ta matsa musu. Hana yaro ɗigo biyu ba zai kawo ko ƙwaya ɗaya ta maganin zazzaɓi ba. Dalilin bin gida-gida kuwa shi ne shan inna ba ta da magani in ta kama ƙafa, kuma tana daga cikin cututtukan da za a iya kawarwa daga doron ƙasa baki ɗaya. A 1988 tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

Wasu kuma na cewa ai an sanar da cewa ta ƙare, me ake nema kuma? A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Borno a 2016. Amma akwai wani nau'i da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu riga-kafi ba: raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon takan yi ta yawo ta bayan gida da gurɓataccen ruwa har ta sake ƙarfi. Maganinsa shi ne kowane yaro ya samu. Mubi kuwa gari ne na shige da fice, ga iyakar Kamaru, ga kasuwar shanu, ga Borno a maƙwabtaka, ga kuma yaran da riga-kafinsu ya katse lokacin da rikici ya watsa mutanen garin a Oktoban 2014.

Batun cewa kuɗi suke ci ko suna suke nema shi ya fi min ciwo. 'Yan Rotary daga aljihunsu suke biyan kuɗin ƙungiya. Matan da ke rataye da akwatin ƙanƙara cikin rana, suna shafa tawada a ɗan ƙaramin yatsa suna rubutu da alli a bango, ɗan alawus ne kawai ake ba su. A Fabrairun 2013 an harbe tara daga cikin irinsu a Kano suna bakin aiki.

Ina roƙon jauro-jauro da limaman Sabon Layi su riƙa raka masu riga-kafin gidajen da ake turjiya. Kai kuma maigida, in sun yi sallama ka amsa, ka tambaye su duk abin da ya shige maka duhu, sannan ka fito da yaran da ba su kai shekara 5 ba.