Kuɗin leƙen hanji: a faɗa mana farashi tun muna farke

Duk wanda ya taɓa kai mota Magazin a nan Suame ya san yadda ciniki yake tafiya. Masta zai ce maka kuɗin buɗe inji kaza ne, abin da aka tarar a ciki kuma lissafinsa daban. Idan ya buɗe ya ce fistin ya ci, kana tsaye a kansa, ka gani da idonka. Kana iya cewa a dakata, ka zaga layin masu kayan gyara, ka tambayi shago uku, ka zaɓi sabo ko wanda aka yi amfani da shi a Turai. In kuɗinka bai kai ba, motar ta kwana a gareji har Allah ya hore.

Akwai wani aikin asibiti da lissafinsa yake tafiya kamar na Magazin, sai dai mai motar barci yake yi lokacin da ake buɗe injin. Likitoci suna ce masa kolonoskofi. Wani dogon tiyo ne mai laushi, da kyamara da fitila a bakinsa, ake zura shi ta dubura a bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, likita yana kallo a allo. Abin da ake nema shi ne ɗan tsiron nama da ke fitowa a bangon hanji. Yawancin irin wannan tsiro ba ya ciwo, ba ya nuna alama, wasu kuma ba sa zama komai har mutum ya tsufa. Amma akwai nau'in da yake girma sannu a hankali, cikin shekara goma ko kusa da haka, ya rikiɗe ya zama kansar hanji. Idan likita ya gan shi tun yana ƙarami, a nan take zai zura wata siririyar waya mai zarge ta cikin tiyon, ya shaƙe shi ya yanke. Aikin rabin awa ne ko awa ɗaya, mutum ya koma gida a ranar.

Bara kawuna ya zo daga wajen Bawku ya sauka a ɗakina. Ya fi shekara yana ganin jini idan ya zaga. Kowa ya ce masa basir ne, abin da Asantawa ke kira koko, shi kuma ya sha duk wani tsimi da ake tallarsa da lasifika a tashar mota. Ba na zagin masu maganin gargajiya, basir gaskiya ne kuma ya yi yawa a cikinmu. Amma jinin basir da jinin tsiro ba a rarrabe su da ido, kuma kwalbar tsimi ba ta da kyamara. Da wani likita ya ce sai an leƙa, ni na zama tafinta, don kawu ba ya jin Turanci, Asantancinsa kuma na ciniki ne kawai.

Wuri uku muka tambaya a cikin garin nan, muka ji farashi uku. Na mafi tsada ya kusa ninka na mafi sauƙi. Muka zaɓi mai sauƙin, kamar yadda kowa zai yi. Sai ga takardar maganin wanke ciki, mu saya a kemis. Sai kuɗin gwajin jini kafin aiki. Ranar aikin, yana kwance cikin maye na allura, ma'aikaciya ta fito ta ce mini an ga tsiro biyu, cirewa kuɗinta daban, in je in biya. Wa zai ce a bar su? Na kira 'yan'uwa, aka turo ta MoMo. Bayan an gama aka miƙo mini 'yar kwalba da naman a ciki, in kai ɗakin gwaji, can ma da nasu kuɗin. Da na tara rasit duka a gida, sai na ga mun wuce farashin wurin da muka guje wa don tsada. Babu wanda ya yi mana ƙarya. Mun tambayi kuɗin leƙe, aka faɗa mana kuɗin leƙe.

A yi adalci, tsadar tana da dalilai, kuma ya kamata ku san su don kada a ruɗe ku. Ba a ƙera wannan na'ura a Gana. Manyan masu yin ta kamfanonin Japan ne, Olympus da Fujifilm da Pentax, da dala ake sayenta, a biya kuɗin jirgi da na fito da kaya a tashar Tema. Wayar zargen da ake yanke tsiro da ita, da ɗan maƙalin ƙarfen da ake matse wurin in yana zubar da jini, yawanci sau ɗaya ake amfani da su a jefar, su ma daga waje suke zuwa. Bayan kowane maras lafiya sai an wanke tiyon da magani mai tsada, kuma wannan ba wurin tsimi ba ne, don tiyo ɗaya ne ke shiga cikin mutane da yawa. In kyamarar ta lalace, ba masta a Magazin da zai kwance ta, sau da yawa sai an aika da ita ƙasar waje. Ku tuna abin da ya sami sidi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Asibitin da ya sayi kayansa kafin faɗuwar da wanda ya saya bayanta ba za su ba ka lamba ɗaya ba.

Allurar barci ma iri biyu ce. Akwai mai sauƙi wadda take sa mutum gyangyaɗi, akwai mai nauyi wadda sai an kira ƙwararren mai sa barci ya tsaya a kanka, shi ma da ladansa. Asibitin gwamnati albashin ma'aikatansa daga baitulmali yake fitowa, na kuɗi kuwa daga aljihunka zai fitar da albashi da haya da man janareta. Shi ya sa na gwamnati yakan fi sauƙi, amma layinsa ya fi tsawo, mai zubar da jini kuma ba kullum yake iya jira ba.

Sai babban abin da ba ya fitowa a kowane rasit, wato hanya. Ƙwararrun wannan aiki da masu duba nama a madubin likita sun fi taruwa a inda manyan asibitocin koyarwa suke: Korle Bu a Ankara, Komfo Anokye a nan Kumasi wanda tsofaffi ke kira Gee, da na Tamale. Mutumin Bawku sai ya yi fiye da kilomita 200 kafin ya ga Tamale, daga Tamale zuwa Kumasi kuma kusan kilomita 380 ne. Na Paga da na Hamile labarinsu ɗaya. Kuma ba shi kaɗai zai taho ba, don wanda aka yi wa allurar barci dole wani ya riƙe shi ya kai shi masauki. Kuɗin mota na mutum biyu, zuwa da komowa. Kwana ɗaya na ganin likita, kwana ɗaya na wanke ciki, wanda ba a yin sa a cikin bas, kwana ɗaya na aikin, sannan jiran sakamakon nama, mako biyu ko fiye. Gona tana can, shago a rufe. Mu mazauna zango mu ne masaukin waɗannan baƙi, tabarmarmu suke kwana, tukunyarmu suke ci. Don haka idan aka ce farashi ya bambanta daga yanki zuwa yanki, mu mun san wanda ke cike gibin.

Yanzu ga inda siyasa ta shigo, kuma ba zan ɓoye ba. An kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003 don a kashe tsarin nan na biya kafin a taɓa ka. Kowa yana zuba mata kuɗi, ko yana da kati ko ba shi da shi: kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kayan da muke saya, da wani kashi 2.5 daga kuɗin SSNIT na ma'aikata. Mai sayen siminti a Suame ya biya, mai sayen kati na waya a Aflao ya biya. A 2017 majalisa ta yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura iyakar a juya shi zuwa wasu hidimomin gwamnati. Asibitoci sun daɗe suna kukan cewa ana jinkirta biyansu, kuɗin da ake biya kuma bai kai abin da suka kashe ba. Asibitin da ake bin bashi wata da watanni, a jikin wa zai huce? Shi ne wannan "ƙarin ɗan wani abu" da ake karɓa a taga ko da ka nuna kati.

Kuma ku duba jerin abin da inshorar ta ɗauka tun farko. A cikin kansa, ta mama da ta bakin mahaifa aka sa, daga baya aka ƙara wasu huɗu na yara. Wannan alheri ne, ban raina ba. Amma wanda tsironsa ya zama kansar hanji, tiyata da ruwan kemo da wani lokaci jakar da ake maƙala masa a ciki, waɗannan su ne ke sa a sayar da fili, a sayar da mota, a yi yawo da takardar neman taimako a masallaci da coci. Cire tsiro tun yana kamar ƙwayar wake shi ne mafi arha a duk wannan tafiya. Ƙasar da ba ta da kuɗi ita ce ya fi kamata ta biya a nan.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi wannan faɗa. A Amurka, inda tsadar asibiti ta fi ta ko'ina, dokar 2010 ta ce a yi gwajin riga-kafi ba tare da maras lafiya ya biya ba, sai kamfanonin inshora suka riƙa cewa ai leƙe ne kyauta, cirewa magani ce, a biya. Irin abin da ya same mu da kawu ke nan. Sai da gwamnati ta fito ta ce cirewar tana cikin gwajin. Tun Janairun 2021 kuma aka wajabta wa asibitocinsu su wallafa farashinsu kowa ya gani, a shekarar ne kuma aka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Matasa sun san Chadwick Boseman na fim ɗin Black Panther, wannan ciwo ne ya kashe shi a 2020 yana da shekara 43. A Ingila ba kowa ake zura wa tiyo ba: ana aika wa masu shekaru 'yar kwalbar gwajin bayan gida duk shekara biyu, wanda aka ga alamar jini a nasa shi ake kira a leƙa. Wannan ɗan gwaji ba ya buƙatar babban asibiti. Ƙaramin asibitin unguwa a Garu ko Tumu zai iya karɓar kwalba ya aika.

Ni abin da nake so in ji daga bakin duk mai neman ƙuri'armu ba gini ba ne. Gini ba ya riƙe tiyo. Ina so a tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya liƙa farashi a bango: leƙe kaɗai nawa, leƙe da cirewa da gwajin nama nawa, a dunƙule, kafin mutum ya sha maganin wanke ciki. Wannan ba ya cin sidi ɗaya na gwamnati, takarda ce da sa hannu. Ina so kuɗin da aka karɓa da sunan lafiya ya tafi ga lafiya gaba ɗaya, kati kuma ya ɗauki leƙe da cirewa a matsayin aiki guda. Sannan a horar da likitoci a ajiye su da na'ura a Bolga da Wa, ko da a ce ƙwararre ya riƙa zuwa wasu kwanaki a wata, don tsoho ya daina ƙetare rabin ƙasa saboda aikin minti arba'in. Idan ɗan takara ya zo zaure ya fara lissafa tituna, ku bar shi ya gama, sannan ku tambaye shi waɗannan.

Kafin nan, wanda aka rubuta wa wannan gwaji kada ya tashi daga gaban taga sai ya tambaya: in an ga tsiro, nawa ne cirewa, kuma na ɗaya ne ko na duka? Allurar barci tana ciki? Wa zai kai nama gwaji, nawa? A rubuta masa a takarda. Wanda kuma ya wuce arba'in yana ganin jini, ko bayan gidansa ya canja ya ƙi komawa daidai, ko yana ramewa ba dalili, ko an taɓa samun wannan ciwo a gidansu, ya bar kunya ya je. Akwai allura, akwai mayafi, mace kuma tana iya roƙon a sa mata ma'aikaciya mace a ɗakin.

Sakamakon kawu ya fito bayan ya riga ya koma gida, na karanta masa ta waya. Ɗaya daga cikin biyun irin mai rikiɗewa ne, amma bai rikiɗe ba tukuna. Likita ya ce ya dawo bayan shekara uku a sake dubawa. Ya ce mini ya shiga susu tun yanzu, sai dai bai san nawa zai tara ba, ni ma da na koma na tambaya, kuɗin leƙe kaɗai aka faɗa mini.